Dashen Gaɓoɓin Jiki: Aikin da Ba Ya Ƙarewa a Ɗakin Tiyata

A ranar 24 ga watan Yunin 1894 wani matashi ɗan Italiya ya daɓa wa shugaban ƙasar Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini ga hanta, manyan likitocin birnin suka taru a kansa, amma a cikinsu babu wanda ya san yadda ake ɗinke jijiyar jini ba tare da ta toshe ko ta ci gaba da yoyo ba, saboda haka suna ji suna gani jini ya ƙare masa, ya cika a cikin daren. A wannan lokaci akwai wani ɗalibin likitanci a birnin mai suna Alexis Carrel, wanda abin ya tsaya masa a rai. An ce har wurin wata gwanar surfani ya je ya koyi sarrafa ƙananan allurai da zaren siliki, kuma a shekarar 1902 ya fito da dabarar da ake amfani da tushenta har yau: a haɗa bakin jijiyoyin biyu, a ɗaure su a wuri uku, a ja zaren har bakin da yake zagaye ya koma mai kusurwa uku, sannan a bi kowane gefe a ɗinke shi a miƙe.

Da Carrel ya koma Amurka, shi da abokin aikinsa Charles Guthrie sun yi ta cire gaɓoɓin karnuka da kyanwoyi suna dasawa, kuma a nan ne suka ci karo da abin da ya gagari likitoci har tsawon rabin ƙarni. Idan aka cire ƙodar kare aka mayar masa da ita a wani wuri na jikinsa, sai ta ci gaba da aiki lafiya lau. Idan kuwa aka ɗauko ta daga wani karen, ɗinki iri ɗaya, hannu ɗaya, sai ta yi aiki na 'yan kwanaki ta mutu. An ba Carrel kyautar Nobel a 1912, ma'ana tun kafin Yaƙin Duniya na Farko an riga an san yadda ake dasa gaɓa. Abin da ya rage shi ne yadda za a sa jiki ya yarda da ita, kuma a ganina tarihin dashe gaba ɗayansa tarihin wannan tirjiya ce. Wanda ya fahimci haka zai daina ɗaukar dashen ƙoda a matsayin aikin rana ɗaya da ake yi a wuce wurin.

Alamun tirjiyar sun daɗe da bayyana ga masu lura. Tun zamanin da can likitocin Indiya suke gyara hancin da aka yanke da fatar kumatu ko ta goshin mutumin kansa, kuma a 1597 Gaspare Tagliacozzi na birnin Bologna ya bayyana yadda yake yin haka da fatar damtse, tare da nuna shakkarsa a kan fatar wani mutum dabam. Wuri ɗaya ne aka samu sa'a da wuri. A watan Disambar 1905 Eduard Zirm, a garin Olomouc na ƙasar Czech ta yanzu, ya ɗauko ɓawon nan mai haske da ke rufe baƙin ido daga idon wani yaro ɗan shekara 11 da aka cire saboda rauni, ya dasa wa wani ma'aikacin gona da farar ƙasa ta ƙone wa idanu, kuma ido ɗaya ya washe. Daga baya aka gane dalili: wannan ɓawo ba shi da jijiyoyin jini, don haka masu gadin jiki ba sa saurin isa gare shi. Sauran gwaje-gwajen ba su yi daɗi ba. A 1906 Mathieu Jaboulay ya haɗa ƙodar alade da ta akuya da hannuwan wasu marasa lafiya biyu a Lyon, ba su yi aiki ba. A 1933 Yurii Voronoy ya dasa wa wata mata ƙodar mamaci a garin Kherson na Yukiren, wanda shi ne karo na farko tsakanin mutum da mutum, matar ta rasu bayan kwana biyu.

Wanda ya warware sirrin ba likitan tiyata ba ne, masanin dabbobi ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu asibitocin Birtaniya sun cika da waɗanda suka ƙone, wasu har ba su da sauran lafiyayyar fatar da za a yanko a rufe musu ciwo, sai aka tura Peter Medawar birnin Glasgow ya yi aiki da wani likita mai suna Thomas Gibson. Sun lura da wata mata da ta ƙone ƙwarai, aka dasa mata ƙananan yanka na fatar ɗan'uwanta. Da fari fatar ta kama. Bayan kamar mako biyu aka sake dasa mata wasu yankan daga ɗan'uwan nata, sai na biyun suka lalace da sauri fiye da na farko. Wannan ƙaramin bambanci, wanda wani zai ɗauka rashin sa'a ne kawai, shi ne ya buɗe ƙofar. Jiki ya tuna da baƙon da ya taɓa gani, kuma tunawa da abokin gaba sifa ce ta garkuwar jiki, ita ce ma dalilin da ya sa allurar rigakafi take aiki. Sun wallafa bincikensu a 1943, Medawar ya tabbatar da shi a kan zomaye, aka gane cewa abin da ke kashe gaɓar da aka dasa shi ne abin da ke kare mu daga ƙyanda da tarin fuka.

Ga yadda jiki ke gane nasa. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu alamomi a bayanta, waɗanda likitoci ke kira HLA, kuma Jean Dausset na Faransa ne ya gano ta farko a 1958. Sun yi kama da tsagar gado da wanzami ke yi wa yaro a fuska, wadda da an gan ta an san ɗan wane gida ne. Fararen ƙwayoyin jini suna zagaya jiki ba dare ba rana suna duba waɗannan alamomi, duk inda suka ga wadda ba ta gida ba sai su yi gayya su auka mata. Mutum yana gadon rabin alamominsa daga uba, rabi daga uwa, kuma kowane rabi a dunƙule yake tahowa. Saboda haka tsakanin uwa da ɗanta, ko uba da 'yarsa, kullum akwai dacewar rabi. Tsakanin shaƙiƙai kuwa, ɗaya cikin huɗu ne zai dace gaba ɗaya, biyu su dace rabi, ɗaya kuma bai dace ba ko kaɗan duk da ciki ɗaya suka fito. Wannan lissafi yana da muhimmanci a irin gidajenmu masu yawan 'ya'ya, domin mai 'yan'uwa ashirin yakan ɗauka yana da zaɓi mai yawa, alhali 'yan uba galibi ba sa wuce dacewar rabi, sai fa idan iyayen mata suna da dangantakar jini da juna ko da maigidan.

Ƙin karɓar gaɓa kuma hawa-hawa ne. Akwai wanda ke faruwa cikin mintuna, tun majiyyaci yana kan tebur, inda ƙodar da ta yi jajawur da shigar jini take komawa baƙa ta yi laushi a gaban idon likita. Wannan yana faruwa ne idan rukunin jini bai dace ba, ko kuma jikin ya riga ya tanadi makamai a kan alamomin mai bayarwa, ta hanyar ƙarin jini da aka taɓa yi masa, ko dashen baya, ko ciki. Shi ya sa matar da ta haifa wa mijinta 'ya'ya da yawa wani lokaci jikinta ba zai karɓi ƙodarsa ba, domin ya riga ya san alamominsa ta hanyar 'ya'yan da ta ɗauka. Tun daga ƙarshen shekarun 1960, bayan aikin Paul Terasaki, ba a yin dashen ƙoda sai an gauraya ruwan jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a ɗakin gwaji an ga abin da zai faru. Akwai kuma ƙin da ke zuwa cikin makonni ko watanni, wanda magani kan kwantar idan an gano shi da wuri. Na ukun shi ne mai naci: a hankali, shekara da shekaru, ƙananan jijiyoyin gaɓar suna ta ƙuntata har ta gaza, kuma har yau ba a samo masa gamsasshen magani ba.

Ba banza aka fara da ƙoda ba. Allah ya yi mu da guda biyu, ɗaya kuma tana isar mutum, jijiyoyinta ba su da wuyar haɗawa, fitsari yana nuna ko ta kama nan take, sannan tun 1943 Willem Kolff na ƙasar Holan ya ƙera injin wankin ƙoda, wanda zai iya riƙe majiyyaci na ɗan lokaci. Mutane da yawa ba su san cewa ba a cire tsofaffin ƙodojin ba sai da wani dalili. Ana barinsu inda suke, a sanya sabuwar a ƙasan ciki kusa da ƙugu, a haɗa jijiyoyinta da manyan jijiyoyin da ke gangarawa ƙafa, a haɗa bututunta da mafitsara, dabarar da likitocin Faransa irin su René Küss suka tsara a farkon shekarun 1950. A daren Kirsimetin 1952, a asibitin Necker na birnin Paris, wata uwa ta ba ɗanta Marius Renard ƙodarta. Yaron kafinta ne ɗan shekara 16 da ya faɗo daga bene, aka cire masa ƙodar da ta fashe, sannan aka gano ita kaɗai gare shi. Ƙodar uwar ta yi aiki na kimanin mako uku, sai jiki ya ƙi ta, yaron ya rasu.

Nasarar farko ta zo ne ta hanyar kauce wa matsalar gaba ɗaya. Richard Herrick, ɗan shekara 23, yana bakin mutuwa da ciwon ƙoda a birnin Boston, kuma yana da abokin tagwaitaka mai suna Ronald. Likitocin asibitin Peter Bent Brigham sun so su tabbatar cewa tagwayen daga ƙwai ɗaya suka fito, har ofishin 'yan sanda aka kai su aka duba zanen yatsunsu, aka kuma dasa wa Richard ɗan yankin fatar Ronald, ta zauna daram. A ranar 23 ga Disambar 1954 Hartwell Harrison ya cire ƙodar Ronald, Joseph Murray ya dasa wa Richard. Richard ya warke, ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, suka haifi 'ya'ya biyu, ya ƙara shekara takwas a duniya. Ronald kuwa ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010, yana da shekara 79. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne nauyin da ke kan Harrison, domin wannan ne karo na farko a wannan asibiti da aka kwantar da lafiyayyen mutum aka yi masa babbar tiyata wadda ba za ta amfane shi da komai ba, kuma sai da likitocin suka tuntuɓi malaman addini da wasu likitoci kafin su yarda.

To amma mutum nawa ne ke da abokin tagwaitaka irin wannan? An gwada gasa jikin majiyyaci gaba ɗaya da hasken nan mai ƙarfi da ake ƙona ciwon daji da shi, domin a karya garkuwarsa. Wasu ƙalilan sun tsira, mafi yawa cututtuka suka kashe su. Sauƙi ya fara zuwa ne daga maganin sankarar jini da Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa, wanda aka gano yana danne garkuwar jiki. Wani matashin likita ɗan Ingila, Roy Calne, ya gwada shi a kan karnuka, daga nan aka samo wani magani danginsa mai suna azathioprine, kuma a 1962 Murray ya yi amfani da shi ya dasa ƙodar mamaci ta yi aiki. Thomas Starzl a birnin Denver ya nuna cewa idan aka haɗa shi da wani maganin danne garkuwa mai suna prednisone ana iya kwantar da ƙin da ya riga ya taso. Starzl ne kuma ya fara gwada dashen hanta a 1963, bai samu wanda ya daɗe ba sai 1967.

Dashen zuciya ne ya ja hankalin duniya, kuma a Afirka aka fara shi. A ranar 3 ga Disambar 1967, a asibitin Groote Schuur na birnin Cape Town, Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar Denise Darvall, wata budurwa 'yar shekara 25 da mota ta buge. Zuciyar ta yi aiki. Bayan 'yan kwanaki aka ga wata inuwa a hoton huhunsa, likitoci suka zaci alamar ƙin karɓa ce, suka ƙara masa maganin danne garkuwa, ashe ciwon huhu ne, kuma shi ya kashe shi a kwana na 18. Gaba kura baya sayaki ke nan: a rage magani jiki ya kashe gaɓar, a ƙara magani ƙwayar cuta ta kashe mai jikin. Majiyyacin Barnard na biyu, Philip Blaiberg, ya yi wata 19, kuma zuciyar da aka ba shi ta wani matashi ne da dokar wariyar launin fata ba ta yarda ya zauna unguwa ɗaya da shi ba. A 1968 aka yi ta rububi, aka dasa zuciya kusan ɗari a faɗin duniya, yawancin majiyyatan suka mutu cikin 'yan watanni, asibitoci suka janye jiki. Barnard ya kwashi suna, amma ni na fi ganin girman Norman Shumway na jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru yana tsara dabarar a kan karnuka, kuma ya ci gaba da aikin a hankali a shekarun da kowa ya gudu.

Zuciya ta kawo wata tambaya da ƙoda ba ta tilasta ba, wato yaushe ne mutum ya mutu. Zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da awa huɗu zuwa shida a cikin sanyi, hanta takan kai kamar awa goma sha biyu, ƙoda kuwa takan wuce kwana guda. Na'urar taimakon numfashi ta haifar da wani hali da ba a sani ba a da, inda ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya amma zuciya tana bugawa saboda injin yana hura iska. A 1968 wani kwamiti na jami'ar Harvard ya tsara sharuɗɗan tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa. Malaman Musulunci ma sun zauna a kan batun. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu komawa, yayin da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda a cire na'urar amma ta ce ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. A Jidda a 1988 majalisar ta farko ta halatta dashe daga rayayye da mamaci bisa sharuɗɗa, ciki har da izinin mai gaɓar ko magadansa, ta kuma haramta sayar da gaɓa. Akwai malaman da ba su gamsu ba, suna kafa hujja da cewa jiki amana ne ba mallakar mutum ba, da hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye.

Abin da ya mayar da dashe aikin yau da kullum daga turɓaya ya fito. Wani ma'aikacin kamfanin Sandoz na ƙasar Suwizalan ya ɗebo ƙasa daga wani tsauni a Norway lokacin hutunsa, aka samu wani nau'in funfuna a cikinta, daga funfunar aka tace wani maganin danne garkuwa mai suna cyclosporine. Jean-François Borel da abokan aikinsa suka bayyana tasirinsa a 1976, Calne ya fara ba majiyyata a Cambridge a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Bambancinsa da magungunan baya shi ne ba ya rusa ɓargo gaba ɗaya. Yana toshe saƙon da fararen ƙwayoyin nan masu kai hari ke aika wa juna na kiran gayya, sai su ga baƙon amma su kasa taruwa. Ƙodojin mamata da ke kai shekara guda suna aiki suka tashi daga kusan rabi zuwa kusan kashi 80 cikin 100, dashen hanta da zuciya da huhu suka farfaɗo. Bayansa tacrolimus ya zo, shi ma daga wata ƙwayar halitta da aka samu a ƙasar da ke kusa da dutsen Tsukuba na Japan a 1984, kuma shi ne ginshiƙin magani a yau.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin magungunan ba sa sa jiki ya manta, riƙe shi kawai suke yi. Wanda aka dasa wa ƙoda zai sha magani safe da dare, a kan lokaci, muddin ƙodar tana jikinsa, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ya yi kaɗan da wanda ya zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har sai an riƙa ɗibar jininsa da safe kafin ya sha ana auna yawan maganin. Abin takaicin shi ne tacrolimus da cyclosporine su kansu suna cin ƙoda idan suka yi yawa, suna kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Garkuwar da aka danne tana buɗe ƙofa ga tarin fuka, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu, sannan rifampicin, babban maganin tarin, yana sa hanta ta narkar da tacrolimus da sauri, ta yadda majiyyaci zai iya rasa ƙodarsa yana tsakiyar jinyar tari idan likitocin biyu ba su yi magana da juna ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya yin irin wannan ɓarna. Duk da haka, ƙodar rayayye takan yi shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, kuma mai ita ya fi wanda ke zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako tsawon rai da walwala nesa ba kusa ba.

Dashen ɓargo ya juya lissafin. A nan garkuwar ce ake dasawa, don haka baƙon ne ke iya auka wa mai masauki, ya kama fata da hanji da hanta. E. Donnall Thomas ya shafe shekaru a kan wannan, ya raba kyautar Nobel da Murray a 1990. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashen ɓargo saboda sankarar jini, sai aka ga amosanin jinin da take fama da shi, wato sikila, shi ma ya tafi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma a 2011 asibitin koyarwa na jami'ar Benin ya yi irin wannan dashe na farko a ƙasar. Idan ɓargon ya zauna, sau da yawa ana iya daina maganin danne garkuwa bayan wani lokaci. Tun 1945 Ray Owen ya lura cewa tagwayen 'yan maruƙa da jininsu ya gauraya a ciki suna ɗauke da ƙwayoyin jinin juna ba tare da faɗa ba, kuma a 1953 Medawar da abokan aikinsa Billingham da Brent suka nuna cewa ɓeran da aka sa wa ƙwayoyin wani tun yana ciki zai karɓi fatarsa idan ya girma. A kan wannan ne wasu cibiyoyi a Boston da Stanford suke gwada dasa ƙoda tare da ɓargon mai bayarwa, kuma wasu majiyyatan sun daina shan magani, amma hanyar tana da haɗari kuma ba ta zama ta kowa ba.

A Nijeriya an yi dashen ƙoda na farko a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Ile-Ife suka biyo baya a 2002. Kusan duk ƙodojin da ake dasawa a ƙasar daga rayayyu suke fitowa, domin ba a kafa tsarin karɓar gaɓoɓin mamata ba, irin wanda ya sa Sifaniya ta zama kan gaba a duniya bayan ta kafa hukumarta a 1989 ta sanya ƙwararrun masu magana da iyalai a asibitoci. Inda buƙata ta yi yawa, talauci kuma ya yi katutu, dillalai ba sa rasa shiga. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin gaɓoɓi, haka ma sanarwar da ƙwararrun dashe na duniya suka fitar a birnin Istanbul a 2008, kuma kowa ya ga yadda wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu shekara tara da wata takwas a 2023, saboda kai wani matashi ɗan tireda daga Legas domin a cire ƙodarsa. Mai bayarwa ma yana da haƙƙin a bincike shi da kyau, musamman da yake an gano a 2010 cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga ciwon barci, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gaje su daga iyaye biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke neman taimako. Ana sa hoton majiyyaci a Facebook, a faɗi kuɗin tiyata a Indiya ko Masar ko Abuja, jama'a su yi karo-karo, wani attajiri ya cika, a yi aiki, a yi ta barka. Da wuya ka ga an lissafa kuɗin maganin wata-wata da na gwajin jini, alhali daga waje ake shigo da magungunan, kuma duk lokacin da naira ta faɗi farashinsu tashi yake yi. Majiyyacin da aljihunsa ya gaza yakan fara da raba ƙwaya biyu, ko tsallake ta dare, kuma da yake ƙin karɓa ba ya zuwa da zafi a farkonsa, ba zai san abin da ke faruwa ba sai ƙafafunsa sun kumbura. A lokacin an yi asarar ƙodar ɗan'uwan da ya sadaukar, jikin kuma ya tanadi makamai da za su sa dashe na biyu ya fi wuya. Gwamnatin jiha ko gidauniyar da ke son taimakawa, da za ta ɗauki nauyin maganin shekara biyar na mutum goma, da ta fi yin abin kirki a kan biyan kuɗin tiyatar mutum ashirin a gaban 'yan jarida.

Ƙarancin gaɓoɓi ne ya mayar da masana wajen dabbobi, inda Jaboulay ya fara. An zaɓi alade saboda girman gaɓoɓinsa ya yi daidai da na mutum, ana kuma gyara ƙwayoyin gadonsa a cire wani sukari da ke bayan ƙwayoyinsa, wanda jinin ɗan Adam ke auka wa cikin mintuna. A watan Janairun 2022, a jami'ar Maryland, aka dasa wa David Bennett zuciyar aladen da aka yi wa gyara goma, kuma ɗaya daga cikin jagororin aikin, Muhammad Mohiuddin, Musulmi ne haifaffen Pakistan, abin da ya sa muhawarar larura da haramci ta taso nan da nan. Bennett ya yi wata biyu. A watan Maris na 2024 aka dasa wa Richard Slayman ƙodar alade a Boston, ya rasu bayan kimanin wata biyu. Towana Looney, wadda ta taɓa ba mahaifiyarta ƙoda ɗaya kafin tata ta gaza, ta karɓi ƙodar alade a birnin New York a watan Nuwamban 2024, ta koma gida ta yi kwana 130 ba tare da wankin ƙoda ba. Sai wata cuta ta kama ta, likitoci suka rage mata maganin danne garkuwa domin ta iya yaƙar cutar, jikinta ya fara ƙin ƙodar, aka cire ta a watan Afrilun 2025, ta koma kan injin wanki.